Kujerar Roba

Shagona taku huɗu ne a bakin tashar Latur,
kwamfuta biyu, injin buga takarda mai tari,
fanka a sama tana tuƙa zafi.
Ranar da sakamako ya fito
a nan ake suna, a nan ake zaman makoki,
duk a kan kujerar roba ɗaya.

Rutuja ta shigo da ubanta Dattu.
Ya tuɓe takalmi a ƙofa kamar mai shiga wurin ibada,
lakar gonar rake har idon sawu.
Na buga lambarta. Allon ya yi nawa, sannan ya faɗa:
ɗari huɗu da tara, cikin ɗari bakwai da ashirin.
Uban ya washe baki: "Ai ta haura rabi!"
Ita ta sunkuyar da kai.
Ta san tsakiyar kogi ba gaɓa ba ce.

Shekara biyu a ɗakin haya,
tana haddar sunan jijiyoyi har ladan ya riga zakara,
awarwaron uwarta na kwana a shagon jingina.

Na ce musu, ba kwana-kwana:
kwalejin gwamnati ta yi nisa,
waɗanda ke gabanta sun fi mutanen garin nan yawa.
Ta kuɗi kuwa ƙofarta ba ta rufuwa,
sai dai a bakinta ake ajiye gona.
Dattu ya ƙirga da yatsu. Eka uku gare shi,
ɗaya tana hannun banki tun fārin bara.

Dillali mai turare ya leƙo,
ya miƙo takarda mai sheƙi:
farin gini, dusar ƙanƙara,
wata ƙasa da harshensu ya kasa ɗaukar sunanta.
"Shekara shida, ta dawo likita."
Na san yara uku da suka bi shi.
Ɗaya tana duba marasa lafiya a Nanded,
ɗaya kuɗi suka ƙare masa a aji uku,
ɗayan ya dawo, har yau yana fama da jarrabawar lasisi.

Ko ta sake shekara?
Omkar ya sake, ya haye.
Yayansa ya sake sau uku,
yanzu ba ya bin titin nan ko da rana.

Sai na juyo musu da allon.
Fom ɗin dogo ne, mutane ne ba sa karanta ƙasansa:
haƙori, jinya, maganin gargajiya, gashin ƙashi.
Dattu ya ce, "Za a kira ta likita?"
Na ce, ban san me za a kira ta ba,
na dai san za a kira ta.

Ya kai hannu aljihun gaba zai biya ni,
hannun ya tsaya a hanya.
Shekara talatin na saran rake
sun ɗaure kafaɗar kamar ƙofa mai tsatsa.
Rutuja ta riƙe gwiwar hannun, ba ta ko duba ba,
ta ɗaga a hankali, ta juya, ta sauke,
yadda take yi kowane dare.
Kuɗin suka fito.

Ta daɗe tana kallon tafinta.
Ta ce, "Layin farko, sa mini likitanci.
Ba a hana ido kallon wata.
Na biyu, sa gashin ƙashi."
Uban ya buɗe baki, ya rufe.

Injin ya yi tari, ya tofo takarda biyu.
Sai bayan mako uku a san inda ta faɗa.
Suka fita, shi gaba, ita tana riƙe da fom a ƙirji
don kada zufa ta jiƙa shi.

Kujerar ba ta huce ba
wani yaro ya zauna, yana karanto lambarsa
da murya mai rawa.